Yadda za ka zagaya tsohuwar hedikwatar 'yan sandan cikin Hitila a Balin ba tare da ka fito hannu rabbana ba

Duk baƙon da ya sauka wajena a Balin, in na ce masa gobe za mu gidan tarihin zamanin Hitila, abun da ke zuwa ransa shi ne tankokin yaƙi da bindigogi da kakin soja a cikin gilashi, wani ma har tambayata ya yi ko za a nuna mana motar mutumin. To bari in faɗa maka tun yanzu kar ka je ka ce na yaudare ka, wajen da nake magana a kai, wanda Jamusawa ke kira Topographie des Terrors, babu bindiga ko ɗaya a ciki, babu tanka, babu kujerar wani babba. Hotuna ne da takardun ofis, shikenan. Amma a kan filin nan ne ofisoshin Gestapo, wato 'yan sandan cikin Hitila, da na shugabannin SS, rundunar musamman ta jam'iyyarsa ta Nazi, suka zauna daga 1933 zuwa 1945, a nan aka riƙa zama kan teburi ana tsara wa za a kama, wa za a kwashe, wa za a kashe a faɗin Turai. Wanda ya shiga da gaggawa cikin minti 20 zai fito yana cewa ai ba komai a ciki, na ga masu yin haka da yawa, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ni nake bi da mutane.

Mataki na farko, tun kana masauki

Ka ware awa uku. Biyu ma za su iya yi in kana da saurin karatu amma uku ta fi, domin wajen na karatu ne, kuma a tsaye za ka yi yawancinsa, don haka takalmin da za ka sa ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi ba sabo na gayu ba. Shiga kyauta ne, ko sisi ba a karɓa, ba ka buƙatar yankar tikiti. Suna buɗewa kullum daga 10 na safe zuwa 8 na dare, har da Lahadi da Litinin, wanda abun lura ne tunda gidajen tarihi da yawa a garin Litinin suke hutu. Ranakun da na san a rufe yake su ne 24 da 31 ga Disamba da kuma 1 ga Janairu.

Lokacin shekara yana da tasiri sosai. Rabin abun a waje yake, fili ne fetal ba rumfar kirki, in ka je a Disamba ko Janairu sanyi zai ci ƙaniyarka kuma kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, sannan nunin da ke cikin ramin waje galibi daga bazararsu zuwa kaka ake kafa shi. Ni dai in da zaɓi, tsakanin Mayu da Satumba. Ka tafi da safe da an buɗe, saboda wajen hantsi motocin 'yan makaranta ke fara sauke yara aji-aji, sai ka ga kana leƙen allo ta saman kafaɗar mutane.

Rubutun duka da Jamusanci ne da Turanci. In Turancinka bai nuna ba ka nemi abokin tafiya da zai riƙa fassara maka, kar ka ji kunya, hotunan kaɗai ba za su ba ka labarin ba. Ka caja waya, ka ɗauki abun sa wa a kunne saboda akwai bayanin murya da ake saurara. Maganar yara kuwa, ra'ayina ne, ƙasa da shekara 13 ko 14 ban ga amfanin kai su ba, akwai hotunan harbi da rataya waɗanda ba a ɓoye su ba.

Sai ɗan guzurin tarihi da ya kamata ka riƙe a ka kafin ka shiga, ba yawa. An naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Yaƙin duniya na biyu ya fara 1 ga Satumban 1939 da ya afka wa Polan. Ya kashe kansa 30 ga Afrilun 1945, Jamus ta miƙa wuya 8 ga Mayu. Shekara 12 ke nan gaba ɗaya, shida kafin yaƙi shida cikin yaƙi. In ka riƙe waɗannan duk sauran kwanakin da za ka gani za su samu wajen zama.

Mataki na biyu, hanya

Adireshin shi ne Niederkirchnerstraße 8. Kar ka wahalar da harshenka, ka ajiye shi a taswirar waya kawai. Tashoshi uku ne kusa, Potsdamer Platz, da Anhalter Bahnhof inda jiragen S1 da S2 da S25 ke tsayawa, da Kochstraße a layin U6 wanda ke daidai Checkpoint Charlie, tsohon shingen bincike tsakanin Balin ta Gabas da ta Yamma. Daga kowacce tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Bas mai lamba M29 ma tana bi ta kusa.

Abu ɗaya da ke kama baƙi, a Balin babu ƙofar da za ta hana ka shiga jirgi, kai za ka sayi tikiti a inji sannan in na takarda ne ka tura shi cikin wani ɗan akwati a bakin dandamali ya buga masa tambari. Tikitin da ba tambari daidai yake da babu, masu dubawa kuma da kayan gida suke shigowa, tarar Yuro 60 ce kuma ba sa jin ban haƙuri, cewa kai baƙo ne ba za ta fisshe ka ba. Cikin gari tikitin AB ya isa, in daga filin jirgin sama kake sai ABC.

Ni na fi son a sauka a Anhalter Bahnhof. Da ka fito za ka ga wani guntun bango na ƙofar tsohuwar tashar jirgi tsaye shi kaɗai, ragowar abun da yaƙi ya bari ke nan, kuma ta wannan tashar aka riƙa kwasar tsofaffin Yahudawan Balin dubbai zuwa sansanin tsare Yahudawa na Theresienstadt, a taragon da aka liƙa wa jirgin fasinja na yau da kullum, mutane na zuwa aikinsu suna gani. Ka ɗan tsaya minti biyu ka karanta allon da ke wajen sannan ka wuce.

Mataki na uku, kar ka shiga ginin tukuna

Wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi, da an iso sai a nufi ƙofa. A'a. Ka tsaya a filin ka juya ka dubi kewaye. Za ka ga fili mai faɗi an shimfiɗe shi da tsakuwa ruwan toka, ba fure ba ado, a tsakiya wani gini mai kusurwa huɗu kamar akwatin ƙarfe. Da gangan aka bar shi haka. Ta gefen titi akwai guntun katangar Balin mai tsawon kusan mita 200, duk an farfasa jikinta har rodi ya fito saboda masu ɓantarar tsaraba bayan 1989. Kar ka haɗa ta da Hitila don Allah, na sha jin wannan, katangar a 1961 gwamnatin Jamus ta Gabas ta gina ta, shekara 16 bayan mutuwarsa, ta faɗi a Nuwamban 1989. Wato zamani biyu ne ɗaya kan ɗaya a waje guda, katangar a sama, a ƙarƙashinta kuma ragowar bangon ɗakunan ƙasa na ginin Gestapo.

Ƙaton ginin dutse da ke tsallaken titi mai tagogi ba iyaka, ma'aikatar jiragen sama ce ta Hermann Göring a da, bom bai rushe shi ba, yanzu ma'aikatar kuɗi ta tarayya ce a ciki. Kyakkyawan ginin da ke maƙwabtaka da filin kuma Martin-Gropius-Bau ne, wajen nune-nunen zane. Shi kansa ginin Gestapo ɗin asalinsa makarantar koyon zane da sana'ar hannu ce, a 1933 aka ƙwace aka mai da shi ofis. Kusa da shi akwai otal ɗin Prinz Albrecht inda Heinrich Himmler, shugaban SS, da manyan jami'ansa suka tare, ta ɓangaren titin Wilhelmstraße kuma akwai wata tsohuwar fada da Reinhard Heydrich ya zauna da sashen leƙen asirinsa. A Satumban 1939 aka haɗe waɗannan hukumomi ƙarƙashin babban ofishi ɗaya na tsaron ƙasa, wanda za ka riƙa ganin an taƙaita shi RSHA. Ka riƙe haruffan nan huɗu, za su yi ta dawowa.

Yanzu ka sauka cikin dogon ramin da ke bin gindin katangar. Tubalin da kake gani a bango na ainihi ne, tono shi aka yi. Allunan da ke jere a wajen labarin birnin Balin ne daga 1933 zuwa 1945, yadda farfaganda da tsoro suka tafi kafaɗa da kafaɗa. In lokacinka kaɗan ne kar ka karanta duka, ka bi da ido ka adana ƙarfinka don ciki.

Mataki na huɗu, cikin ginin

Ka ajiye jaka da rigar sanyi a akwatunan ajiya, yana da kyau ka riƙe tsabar Yuro ɗaya ko biyu don irin waɗannan akwatuna a Jamus yawanci da tsaba suke kulluwa. Akwai bayi, akwai ɗan wajen shan shayi. Kusa da mashiga akwai samfurin unguwar gwamnati yadda take a wancan lokacin, ka tsaya kansa ka gano inda kake tsaye, za ka sha mamakin yadda fadar Hitila da ma'aikatu da ofishin 'yan sandan ciki duk suke tafiyar ƙafa da juna.

Babban nunin alluna ne da ke rataye daga rufi, an kasa shi biyar, kuma ka bi su a jere kar ka yi tsalle.

Kashi na farko yadda Hitila da mutanensa suka karɓi mulki ne, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Hitila ba juyin mulki ya yi da tanka ba, naɗa shi aka yi bisa tsarin mulki, wasu 'yan siyasa na ganin za su iya juya shi. Ranar 27 ga Fabrairun 1933 gobara ta cinye majalisar dokoki, washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida, ranar 23 ga Maris majalisa da kanta ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba, a watan nan dai aka buɗe sansanin gwale-gwale na Dachau. Ka lissafa, ko wata biyu ba a cika ba. Akwai wata kalma da za ka gani, Schutzhaft, ma'anarta wai tsarewa don kariya, da ita ake ɗauke mutum ba kotu ba lauya ba ranar fita. Waɗanda aka fara kwashewa 'yan kwaminis ne da 'yan jam'iyyar SPD da shugabannin ƙwadago, Jamusawa 'yan uwansu.

A nan ka nemi wani hoto na 1936 da aka ɗauka a wajen ƙera jiragen ruwa a Hamburg, taron ma'aikata kowa ya miƙa hannu yana gaisuwar Hitila, mutum ɗaya tal ya harɗe hannuwansa a ƙirji. Kowa na son hoton nan, ni ma haka, amma ni abun da nake ce wa baƙina shi ne bayan ka gama kallonsa ka dubi sauran fuskokin, ka ƙirga su in za ka iya.

Kashi na biyu kan hukumomin ne, su wa ke aiki a ofisoshin nan. Mutane da yawa nan suke gajiya saboda jadawalin ma'aikata ne da hotunan fasfo da tarihin aiki, ga shi ba jini ba kuka, sai su wuce. Wallahi nan ne zuciyar wajen. Ka karanta tarihin mutum biyar ko shida a natse. Za ka tarar ba 'yan daba ba ne da aka tsinto a tasha, matasa ne 'yan shekara 30 da ɗoriya, sun yi jami'a, da yawansu lauyoyi, wasu da digirin digirgir, wani Otto Rasch ma guda biyu gare shi kuma shi ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunonin kisa a Yukren. Taron Wannsee na 20 ga Janairun 1942 inda aka daidaita yadda ma'aikatu za su haɗa hannu wajen hallaka Yahudawan Turai, mutum 15 ne suka zauna, takwas cikinsu daktoci ne na ilimi, Heydrich ya jagoranta, Adolf Eichmann ya rubuta bayanan taro, kuma cikin kamar awa ɗaya da rabi aka tashi. Ka lura da takardun, akwai lambar fayil, akwai kwanan wata, akwai tambarin an karɓa, akwai wanda aka ba kwafi. Duk wanda ya taɓa aikin ofis zai gane fasalin takardar ko bai iya Jamusanci ba, abun da ke ciki ne kawai ya bambanta. Sannan Gestapo ba su da yawan da mutane ke zato, aikinsu ya dogara sosai da tsegumin jama'a, maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci wai yana sauraron rediyon waje, abokin aiki ya kai ƙarar abokin aiki wai ya yi barkwanci da shugaba.

Kashi na uku abun da aka yi a cikin Jamus ne. Ƙaurace wa shagunan Yahudawa 1 ga Afrilun 1933, dokokin Nuremberg na 1935 da suka cire su daga 'yan ƙasa suka hana aure da su, daren 9 ga Nuwamban 1938 da aka ƙona wuraren ibadarsu aka farfasa shaguna. Ba su kaɗai ba, akwai ƙabilun Sinti da Roma, akwai Shaidun Jehobah, akwai naƙasassu da masu taɓin hankali waɗanda aka kashe kimanin 70,000 da iskar gas tsakanin 1940 da 1941 a shirin da ake kira T4, likitoci ne suka sa hannu. Hotunan da suka fi tsaya min a rai a nan ba na gawa ba ne, na wulaƙanci ne a bainar jama'a, mata an aske musu kai a dandalin gari an rataya musu allo a wuya saboda sun yi hulɗa da fursunan yaƙi, ga jama'a sun cika maƙil har da yara suna dariya kamar ana wasan sallah.

Bari in ɗan ratse a nan. Ina ganin samarinmu a Facebook suna sa hoton Hitila suna yabonsa wai jarumi ne, saboda haushin abun da ke faruwa a Falasɗinu. Ɗan uwa, da ni da kai a lissafin mutumin nan ba cikakkun mutane ba ne. A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran yankin Rhineland waɗanda iyayensu maza sojojin Afirka ne na rundunar Faransa, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. A 1940 da sojojinsa suka shiga Faransa sun riƙa ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga fararen fursunoni suna harbewa, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da Lyon, kuma rundunar nan daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka ake ɗibar ta har da Nijar. Kakanninmu na wannan ɓangaren kuma su aka kwasa zuwa Bama suka yaƙi Japan, ƙawarsa. Ka ji haushin zalunci a ko'ina yake, amma ka san wanda kake ɗaga hotonsa.

Kashi na huɗu shi ne mafi nauyi, ƙasashen da aka mamaye. Bayan an afka wa Tarayyar Sobiyat ranar 22 ga Yunin 1941, rundunonin da ake kira Einsatzgruppen suka riƙa bin bayan soja gari-gari suna tara Yahudawa da jami'an kwaminis suna harbewa a bakin rami, suna aiko da rahoto nan Balin da adadi kamar masu lissafin buhunan hatsi. A Babi Yar kusa da Kiev, cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumban 1941, rahotonsu da kansu ya ce mutum 33,771. Jimillar Yahudawan da aka kashe zuwa ƙarshen yaƙi kusan miliyan shida. In ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ka fita tsakar ginin, akwai ɗan fili da ruwa a kwance, ka zauna ka sha iska ka dawo, ba gasa ake ba.

Mataki na biyar, kashin ƙarshe wanda kowa ke tsallakewa

Zuwa nan ƙafa ta gaji, ido ya gaji, ga ƙofar fita ana hangowa. Ka daure. Kashi na biyar shi ne me ya faru bayan yaƙi, kuma in ka bar shi ka bar rabin labarin.

Abun da aka fi sani shi ne shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan gwamnatin Hitila, daga 20 ga Nuwamban 1945 zuwa 1 ga Oktoban 1946, aka yanke wa 12 hukuncin kisa aka sallami uku. Himmler bai kai kotu ba, ya sha guba a hannun sojan Ingila a Mayun 1945. Heydrich tun 1942 'yan gwagwarmayar Cekoslobakiya suka kashe shi a Prag. Wanda ya gaje shi, Ernst Kaltenbrunner, an rataye shi a 1946, Göring kuma ya sha guba daren da za a rataye shi. Eichmann ya gudu Ajantina, aka kamo shi a 1960, aka yi masa shari'a a Kudus a 1961, aka rataye shi a 1962. In ka tsaya a nan sai ka ce to ai an yi adalci.

Amma ka ci gaba da karantawa. A shari'ar shugabannin rundunonin kisan nan ta 1947 zuwa 1948 an yanke wa 14 hukuncin kisa, huɗu kawai aka zartar wa a 1951, sauran aka yi ta sassautawa har zuwa 1958 duk sun fito. Yaƙin cacar baka ya taso, Amurka na buƙatar Jamus ta Yamma, jama'a kuma na cewa a bar tone-tone. Da yawa daga ma'aikatan ofisoshin nan suka koma aikin ɗan sanda, aikin leƙen asiri, kamfanoni, wasu lauyoyi, suka yi ritaya da fanshonsu. Werner Best wanda ya kasance na hannun daman Heydrich wajen gina Gestapo ya yi ɗan zaman kurkuku a Denmak, ya dawo ya zama lauyan kamfani, ya rayu har 1989. Sai a 1958 aka kafa ofishi na musamman a Ludwigsburg don binciken laifukan, sannan mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya matsa aka yi shari'ar ma'aikatan sansanin kisa na Auschwitz a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965. A shekarun 1960 masu gabatar da ƙara a Balin ta Yamma sun yi shekaru suna haɗa babbar shari'a kan ma'aikatan RSHA, sai wani gyaran doka na 1968 ya sa laifin mafi yawansu ya zama wa'adinsa ya wuce, aikin ya watse. Akwai bango da aka jera katunan binciken nan, suna bayan suna, ka tsaya gabansa ka nemi adadin waɗanda aka hukunta a ƙarshe, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga su.

Shi kansa filin haka aka yi da shi. Gine-ginen da bom ya lalata aka ƙarasa rushe su zuwa tsakiyar shekarun 1950, wajen ya koma juji na ɓaraguzan gini, wani ɓangare kuma aka mai da shi filin da mutane ke biya su tuƙa mota ba lasisi. Sai da 'yan gari masu fafutuka suka tashi, har suka zo da shebur a 1985 suka fara tono da kansu, sannan aka yi nunin farko a 1987 lokacin bikin cikar Balin shekara 750. Ginin da kake ciki a Mayun 2010 aka buɗe shi, shekara 65 bayan yaƙi.

Mataki na shida, ka sake fita filin

Yanzu da ka san labarin, zagayen waje zai yi ma'ana. Akwai tashoshi 15 da alluna a warwatse cikin filin, ka nemi wanda ke nuna inda kurkukun cikin gida yake. Ɗakuna ne ƙanana a ƙasan ginin inda ake ajiye waɗanda ake wa tambayoyi, azabar kuma a ofisoshin sama ake yi, kimanin mutum 15,000 suka bi ta wajen. Cikinsu akwai shugaban 'yan kwaminis Ernst Thälmann, da limamin coci Dietrich Bonhoeffer, da wasu daga waɗanda suka yi yunƙurin kashe Hitila ranar 20 ga Yulin 1944, da kuma wani kafinta Georg Elser wanda shi kaɗai ya dasa bom a Munich a Nuwamban 1939, Hitila ya bar zauren minti 13 kafin ya tashi. Ba ɗakin da za ka shiga, alamar wajen ce kawai a ƙasa.

Ladabin waje, wannan ba wasa ba ne

Ɗaukar hoto ba laifi, amma ba wajen tsayawa ana murmushi da yatsu biyu ba ne, akwai masu zuwa da kakanninsu suka mutu ta dalilin ofishin nan. Ka rage murya, in kiran bidiyo ya shigo daga gida ka fita waje. Babban gargaɗi kuma, a Jamus ɗaga hannu irin gaisuwar Hitila ko nuna tambarin 'yan Nazi laifi ne a doka, ko da wasa, ko don hoto. A 2017 an kama wasu 'yan yawon buɗe ido biyu 'yan Sin a gaban majalisar dokoki saboda haka. Musanta kisan Yahudawa a fili shi ma laifi ne. Kar ka ja wa bizarka.

In da sauran ƙarfi

Ka miƙe titin Wilhelmstraße ka yi arewa. A kan titin nan akwai allo da ke nuna inda aka yi taron Balin na 1884 zuwa 1885, wanda Turawa suka zauna suka tsara ƙa'idar rabon Afirka har da maganar kogin Kwara, mu da ya fi shafa ya kamata mu tsaya, yawancin masu wucewa ko kallonsa ba sa yi. Gaba kaɗan ta hagu akwai inda ramin ɓuyan Hitila yake, kar ka sa rai, wajen ajiye motoci ne na gidajen haya da allo guda ɗaya. Daga nan taku kaɗan sai dandalin tunawa da Yahudawan Turai, duwatsun kankare 2,711 da aka buɗe a 2005, akwai ɗakin bayani a ƙarƙashinsa wanda shi ke ba da labarin ta ɓangaren waɗanda aka kashe, amma shi Litinin a rufe yake. Sansanin gwale-gwale na Sachsenhausen a Oranienburg, ƙarshen layin S1, ka ba shi yini nasa daban da tikitin ABC, kar ka haɗa su rana ɗaya.

In yunwa ce ta fi ƙarfi ko lokacin salla ya matso, ka koma ka hau M29 ta ɓangaren Hermannplatz ka sauka a Görlitzer Bahnhof, akwai babban masallaci dab da tashar, unguwar kuma cike take da shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙananan shaguna da yawa har yanzu ba sa karɓar kati.